Gishirin Baba Katanga

A hawa na biyu na ma'aikatar harkokin waje, bayan ɗakin da ake ajiye tutoci, akwai wani ƙaramin ofis mai taga ɗaya da fanka mai ƙara. Nan Uwar Kujeru take zama. A takarda, ita mataimakiyar darakta ce a sashen karɓar baƙi, amma ba wanda ya taɓa wahalar da bakinsa da wannan dogon suna. Aikinta shi ne ta san wa zai zauna kusa da wa. Duk wanda yake ganin wannan ƙaramin aiki ne, to bai taɓa ganin jakadu ashirin da uku sun shigo ɗakin cin abinci ba, kowa yana murmushi yana leƙen katin sunansa ta wutsiyar ido.

Kayan aikinta ba su da yawa. Akwai tef ɗin awo irin na tela da ba ya barin wuyanta, akwai babban kwali da ta zana teburin a kai, sai ƙananan katuna da take mannawa tana cirewa. Shekara ashirin da tara tana wannan aiki, saura wata takwas ta yi ritaya, kuma tana alfahari ba a taɓa fita daga teburinta cikin fushi ba.

Duk bayan wata uku Minista yana kiran jakadu cin abincin rana. Teburin dogo ne, Minista a tsakiyar gefe ɗaya. Kujerar da ke fuskantarsa ita ce kujerar girma, kuma ita ce ta kusa sa wa Uwar Kujeru hawan jini a farkon aikinta. Dalili kuwa, akwai manyan ƙasashe biyu da ba sa ga maciji da juna. Wannan ta gina wa ƙasar gada, waccan ta gina asibiti. Wannan ta kawo jiragen ƙasa, waccan ta ɗebi ɗalibai ta kai karatu. In ka ba jakadan wannan kujerar girma, asibiti zai tsaya. In ka ba na waccan, a manta da gada.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce ta samo maganin abin. Ta ɗauki jakadan ƙasar da ta fi kowace ƙanƙanta, ƙasar da in ka ɗora yatsa a taswira ka rufe ta har da maƙwabciyarta, ta dasa shi a kujerar girma. Manyan biyu ta sa ɗaya a damansa, ɗaya a hagunsa, wannan karon haka, karo na gaba su yi musaya. Ba wanda ya fi wani kusa da Minista ko da faɗin yatsa, don ta auna. Ma'aikata suka laƙaba wa dattijon suna Baba Katanga, a bayan idonsa.

Sai dai ranar farko abin bai yi armashi ba. Mutum uku suka zauna kamar an kawo su zaman makoki. Ƙa'idar aikin jakadanci ce ta ɗaure su: duk kalmar da jakadan babbar ƙasa ya faɗa wa jakadan abokiyar hamayya kai tsaye, dole ya rubuta ta ya aika gida kafin a tashi aiki, can kuma a zauna a yi ta tankaɗe da rairaya a kanta. Saboda haka ko sannu ba sa yi wa juna.

Uwar Kujeru ta sauka kicin ta sami Kuku. Suka yi shawara, suka jawo Mai Tire, shugaban masu raba abinci, suka zama su uku. Daga ranar, kafin Kuku ya zuba gishiri a miya, sai ya ɗebi kwano uku ya ajiye gefe, na manyan biyu da na Baba. Mai Tire kuma ya kwashe duk kwalaben gishiri daga teburin, tunda miyar sauran ta ji, ya bar ɗaya tak a gaban katin Baba. Da jakada ya kai cokali baki sai ya juya ya ce, "Ranka ya daɗe, ko za ka miƙo min gishiri?" Daga gishiri sai hira. Magana da maƙwabcin kujera kuwa ba a rubuta ta. Wannan ya ce wa Baba yana jin jiragen ruwansu ba za su daɗe a mashigar tekun nan ba. Baba ya gyaɗa kai, ya ɗan jima, ya juya ɗaya gefen da kwalbar a hannu, ya faɗi maganar da laushin harshe kamar tunaninsa ne. Haka aka yi ta yi. Manyan ƙasashen sun canza jakadu, wannan huɗu, waccan uku, Baba yana nan daram da kwalbarsa.

A wannan lokacin jakadan ɗaya babbar ƙasar wani mutum ne da ake kira Dogo, don sai ya sunkuya yake shiga lif. Ta ɗayar kuma mace ce, Mai Agogo, wadda ba ta iya minti biyu ba ta duba tsintsiyar hannunta ba.

Ranar Litinin da safe Uwar Kujeru tana shan shayi a falo, mijinta ya ƙaro muryar rediyo. Malam tsohon malamin labarin ƙasa ne, ya yi ritaya amma bai daina koyarwa ba, sai dai ajinsa ya koma mutum ɗaya.

"Maman Auta, kin ji kuwa? Shugabannin manyanki sun gaisa. Har da rungumar juna."

"Waɗanne manyan?"

"Su Dogo da Mai Agogo mana. An ce sun ɗinke. Wai akwai wata ta uku da ke tasowa tana ba su tsoro su duka, shi ne suka tuna ashe su 'yan'uwa ne."

Ta ajiye kofin. "Jiya-jiyan nan fa suke zagin juna."

"Jiya kenan. Ni a aji sau uku ina canza wa yara launin ƙawance a taswira, har alli mai launi ya ƙare min." Ya leƙo ta saman tabarau. "Yanzu katangarki fa? In maƙwabta sun shirya, ina za ki kai ta?"

"Malam, ka sha shayinka," ta ce.

Washegari Minista ya kira ta. Matashi ne, bai fi shekara biyu a kujerar ba, mai son hoto da sauri a komai. Ko zama bai ce ta yi ba.

"Anti, jibi ina son su biyun kafaɗa da kafaɗa a gabana. Duniya ta juya, dole a ga mun juya tare da ita. Hoton nan zai zaga ko'ina."

"Ranka ya daɗe, kujerar girma ɗaya ce."

"Ki san yadda za ki yi, ai ke ce mai tef."

"Dattijon da ke tsakiya fa?"

Minista ya ɗaga hannu kamar mai korar ƙuda. "Ki nema masa wuri. Bisa girman ƙasa, ina ya dace?"

Ta san inda ya dace. Can ƙarshen tebur ne, daf da ƙofar kicin, inda ƙamshin albasa ke riga abinci isowa, inda mai hoto bai taɓa juya kyamararsa ba. Ta ce to, ta fita. Ranta ya sosu ƙwarai, kuma ta ji haushin kanta da ta ce to da sauri haka.

Aikin awo bai ba ta wahala ba. Ta matsar da kujerun gefen gaba ɗaya da rabin kujera, yadda hancin Minista zai fuskanci tsagar da ke tsakanin manyan biyu. Kafin azahar ofishin Dogo ya turo ma'aikaci da nasa tef ɗin, bayan awa ɗaya na Mai Agogo ya turo nasa. Sababbin aminai ne, amma kowa ya zo ya auna. Ta tsaya tana kallonsu sun durƙusa a ƙasan tebur da kwat da taye, ta ce a ranta wannan aminci da sauransa.

Abin da ya gagare ta shi ne cire katin Baba daga kwalin. Ta cire, ta mayar, ta sake cirewa. Daga ƙarshe ta ga bai kamata dattijo ya shigo ɗaki ya nufi kujerarsa ta shekara goma sha ɗaya ya tarar da sunan wani ba. Ranar Laraba ta ɗauki jakarta ta tafi da kanta.

Ofishin jakadancin Baba ɗaki biyu ne a saman shagon mai sayar da tabarau. Tutar ƙasarsa na rataye a baranda kusa da na'urar sanyaya ɗaki da ta daina aiki. Shi ne jakada, matarsa ce sakatariya, kuma shi yake haɗa shayi. A bangon ofishin hotuna ne jere cikin firam, duk an yanko su daga jarida, duk iri ɗaya: Baba a tsakiya, babba a dama, babba a hagu. Fuskokin gefe suna canzawa, gashin Baba yana ƙara fari.

"'Yata, yau ke ce da kanki? Zauna, zauna. Kujerar nan ban auna ta ba, sai ki yi haƙuri."

Ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ta sha shayi, ta tambayi ciwon gwiwarsa, ta tambayi jikoki, ta yi ta kewaye-kewaye har ta rasa abin tambaya. Sannan ta faɗa masa.

Baba ya juya cokali a kofi. Ya jawo aljihun tebur ya fito da wata takarda ya miƙa mata. Daga gida aka aiko ta. Sabuwar gwamnatinsu za ta rufe ofisoshin jakadanci guda shida a ƙarshen wata, kuma an nemi kowane jakada ya nuna amfanin zamansa inda yake.

"Kin san me nake aika musu duk bayan wata uku?" Ya nuna bango. "Wannan. Ba mu da mai, ba mu da soja, jirginmu ɗaya ne kuma yana gareji. Amma in suka ga ɗansu a tsakanin manya, sai su ce a bar shi, yana wani abu a can. Mutanenmu da ke aiki a ƙasar nan sun kai ɗari huɗu. In an rufe nan, mai neman fasfo sai ya ƙetare ƙasa biyu."

"Baba, wallahi ba yin kaina ba ne."

"Na sani. Ki yi aikinki, 'yata. Gobe zan zo, in zauna inda kika ajiye ni, in ci abincina. An ce kusa da kicin abinci ya fi zafi ma."

Da ma ya yi faɗa, da ta fi samun sauƙi. Ta sauko matakala tana jin kunya iri biyu. Ta farko, ta cire shi. Ta biyu kuma ta fi ciwo: shekara goma sha ɗaya tana amfani da mutumin nan kamar kayan ɗaki, tana ba shi miya lami, ana kiransa Katanga a bayan ido, shi kuwa yana kiranta 'yarsa.

Da yamma ta zauna da kwalin a cinya, ta manna katin Baba a ƙarshen tebur, ta danna shi da babban yatsa har ya lanƙwashe. Malam ya zo ya tsaya a kanta yana nazari kamar mai duba jarrabawa.

"Kin san abin da Ministanku bai gani ba? Mu ma ƙasarmu katin nan ce. Gada da asibiti ba don kyanmu aka ba mu ba, don muna tsakiya ne."

"To ka je ka gaya masa."

"Ni na yi ritaya. Ke ma ki lallaɓa wata takwas ɗin nan ki fito lafiya, na gaji da shan shayin rana ni kaɗai."

Ranar Alhamis tun ƙarfe tara tana ɗakin cin abincin. Ta duba tutoci, ta sa an canza furanni don sun yi tsawo za su tare fuskar Mai Agogo, ta sake auna tsagar da hancin Minista. 'Yan jarida sun ninka na kullum. Kanta ya ɗauki zafi, waya na ta ƙara, ta bi komai ɗaya bayan ɗaya. Kicin ne kawai ba ta leƙa ba, don shekara goma sha ɗaya ba ta taɓa buƙatar leƙawa ba.

Ƙarfe ɗaya jakadu suka shigo. Baba ya zo da sandarsa da tsohuwar kwat ɗinsa mai ruwan toka, ya wuce kujerar girma ko kallonta bai yi ba, ya tafi ƙarshen tebur ya zauna, ya gaisa da maƙwabcinsa. Dogo da Mai Agogo suka yi musabaha mai tsawo saboda masu hoto, suka zauna kafaɗa da kafaɗa. Minista baki har kunne. Ya yi jawabi a kan sabuwar duniya da sabuwar tafiya, aka tafa.

Daga nan sai shiru. Umarnin da aka aiko wa kowannensu daga gida shi ne ya yi murmushi, ba a aiko da abin da zai ce ba. Maganar jiragen ruwa tana nan, maganar haraji a kan kaya tana nan, kuma yanzu da aka zama aminai kowace kalma ta fi da nauyi. Dogo ya kafa wa furanni ido. Mai Agogo ta duba agogo sau uku kafin a kawo burodi. Mai hoto, da ke tsaye bayan kafaɗar Minista, ya ɗaga kyamara ya sauke, ya ɗaga ya sauke. Murmushin Minista ya fara bushewa.

Aka kawo miya. Uwar Kujeru tana tsaye jikin labule, inda take tsayawa kullum. Ta ga Dogo ya kai cokali baki, ta ga cokalin ya tsaya a hanya. Ta ga Mai Agogo ta ɗanɗana ta ajiye nata. Nan take ta tuna. Ba ta gaya wa Kuku a daina ba. Kuku ya ɗebi kwanonsa uku kamar kullum, Mai Tire kuma ya bi katin Baba da kwalbar gishiri kamar kullum. Ga ta can ƙarshen tebur, ita kaɗai, kusa da ƙofar kicin.

Sabo ya yi aikinsa. Dogo ya juya hagu, Mai Agogo ta juya dama, kowa ya buɗe baki zai ce ranka ya daɗe, sai suka yi ido huɗu, hanci ya kusa taɓa hanci. Suka rufe baki. Ba mai gishiri a cikinsu, kuma ko da akwai, ba wanda zai yarda a rubuta cewa ƙasarsa ce ta fara roƙon ɗayar wani abu. A tare suka juya suka miƙa wuya suna duban ƙarshen tebur. Sauran jakadu, waɗanda aikinsu kenan kallon inda manya ke kallo, su ma suka juya.

Mai Tire ya matso kusa da ita, gumi na bin wuyansa.

"Anti, mun yi ɓarna. Bari in ruga kicin in kawo wasu kwalaben, minti ɗaya."

Minti ɗaya ya isa. Za a ajiye kwalba a gaban kowa, a ci miya, a tashi, ta yi ritaya da sunanta fes. Ta dubi Minista, wanda ya juyo yana tambayarta da ido. Ta dubi ƙarshen tebur. Baba yana shan miyarsa hankali kwance, kamar bai san ana yi ba.

Ta riƙe hannun rigar Mai Tire. "Tsaya tukuna."

"Anti?"

"Na ce ka tsaya. Ka dai kawo kujera ɗaya kusa."

Baba ya goge baki da adiko. Ya ɗaga kai, ya ga idon mutum ashirin da wani abu a kansa, ya dubi kwalbar kamar yau ya fara ganinta. Ya jawo sandarsa ya miƙe. Tafiyar ba ta da nisa, amma da ciwon gwiwa da sanda ta ɗauki lokaci, kuma ba abin da ake ji a ɗakin sai ƙwas, ƙwas, a kan tayil. Ya iso bayan manyan biyu ya tsaya, kwalba a hannu.

"Wa zan fara ba? Na manta wanda na fara ba wancan karon."

Sai Dogo ya ja kujerarsa dama, Mai Agogo ta ja tata hagu, a lokaci guda, kamar an ƙirga musu. Awon kwana biyu ya tashi a banza. Mai Tire ya zura kujera a tsakiya, ya koma ya ɗauko kwanon Baba, dattijo ya zauna daidai hancin Minista.

"Ranka ya daɗe," in ji Mai Agogo, "ka tafi ka bar mu da miya lami."

"Mun ɗauka ka yi fushi da mu ne," in ji Dogo.

"Ni? An ce kun shirya, na ce bari in ba ku wuri ku sha hira."

Mai Agogo ce ta fara dariya, dariyar gaske har da dafe tebur, Dogo ya bi ta. Mai hoto bai jira an ce masa ba. Kafin a kawo kifi Dogo ya sunkuyo yana gaya wa Baba wani abu ƙasa-ƙasa, Baba ya gyaɗa kai, ya ɗan jima, ya juya ɗaya gefen. Har aka tashi Mai Agogo ba ta sake duba agogo ba.

Washegari da sassafe aka ce Minista na nemanta. Ta cire tef ɗin daga wuya ta sa a jaka, don in korar ce ta fita da kayanta. Ta tarar da shi ya sha mur, jarida a buɗe a gabansa. Ga hoton ya cinye rabin shafi: manya biyu suna dariya, Baba a tsakiya riƙe da kwalba, shi kuwa Minista ƙeyarsa kaɗai ta fito.

"Anti, me na ce ki yi?"

"Kafaɗa da kafaɗa, ranka ya daɗe. Kuma na yi. Su suka ja kujerunsu."

"Maganar gishirin fa? Na ga Mai Tire zai tafi, na ga kin riƙe shi."

Ta ga ba amfanin ɓoye-ɓoye. Ta kwashe labarin kwano uku tun daga farko ta faɗa masa. Ta ce mantuwar ta gaske ce, amma riƙe Mai Tire da gangan ta yi, kuma laifin nata ne ita kaɗai, kada a taɓa Kuku.

Minista ya dube ta. "Shekara biyu ina cin abinci a teburin nan. Nawa kwanon fa?"

"Naka da gishiri, ranka ya daɗe."

Ya so ya ci gaba da ɗaure fuska, abin ya ƙi. Ya juya kujera ya fuskanci taga har kafaɗunsa suka daina rawa, sannan ya juyo.

"Ofisoshinsu duka biyu sun bugo tun jiya. Kowa ya roƙa, a asirce, wai kada ɗayan ya ji, a bar zaman yadda yake da. Kuma suna neman wurin da za su zauna kan maganar jiragen ruwan nan, wurin da ba na wannan ba, ba na waccan ba. An ce wani ya ba su shawarar nan garin." Ya ƙwanƙwasa hoton da yatsa. "Tun Litinin ban yi barcin kirki ba, ina tunanin in sun shirya wa zai sake kula mu. Ki fito da tef ɗinki, akwai babban tebur a gaba. Amma nan gaba ki gaya wa mai hoto ni ma ina da fuska."

Bayan sati biyu, da hantsi, ta ji ƙwas, ƙwas a matakala. Baba ne da kansa ya hawo hawa biyu, yana haki, da takarda a hannu. Ta ba shi kujerarta, ta kashe fankar don su ji juna. Takardar gajeriya ce. An rufe ofisoshi shida, nasa ba ya ciki, har an yi alkawarin gyara na'urar sanyaya ɗaki.

Ta karanta sau biyu. Daɗi ya cika ta har idonta ya kawo ruwa, kuma daɗin ne ya ba ta ƙarfin faɗin abin da ya daɗe yana cin ta.

"Baba, akwai abin da zan roƙe ka gafara a kai. Miyar nan da kake ci duk shekarun nan, ni na sa a hana ta gishiri. Kuma a nan gidan akwai sunan da ake kiranka."

"Katanga? Matata ma haka take kirana in na tare mata talabijin." Ya gyara sandarsa a tsakanin gwiwoyi. "Miya kuwa, tun zama na biyu na gane. Ina ganin maƙwabtan Minista suna sha suna lumshe ido, mu uku muna neman gishiri. Na ce lallai akwai mai hankali a gidan nan, bari in taya ta aiki."

"Kuma ba ka taɓa cewa komai ba?"

"In ce me? Ke da kike lura da komai, kin taɓa ganin na zuba a nawa kwanon? Shekara tara kenan likita ya hana ni gishiri. Duk garin nan teburinki ne kaɗai nake cin abinci hankalina kwance."

Uwar Kujeru ta yi dariya har ta nemi bango ta jingina. Da ta samu numfashi ta jawo kwalin, ta ɓamɓare katin da ya lanƙwashe daga ƙarshen tebur, ta miƙar da shi a kan gwiwarta. Ta miƙa masa shi tare da gam, ta ce wannan karon shi zai manna da hannunsa.